Magani Ya Samu, Saura Isarwa: Aikin da Ƙaramin Tallafin Jami'a Ke Yi wa Lafiyar Jama'a

Awon ba ya ɗaukar dogon lokaci, kuma babu allura, babu yanka. Yaro zai kwanta rigingine, a shafa masa ɗan mai a gefen kai tsakanin ido da kunne, ma'aikaciya ta ɗora kan na'urar a wurin tana juya shi sannu a hankali har ta kamo ƙarar jinin da ke gudu a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Sai lamba ta fito a allo. Idan gudun jinin ya kai santimita 200 a daƙiƙa ɗaya, to hanyar jinin ta fara tsukewa, kuma wannan yaro mai ciwon sikila yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, ko da kuwa da ƙafarsa ya shigo yana wasa. Cikin yara 10 masu irin wannan sakamako, kusan ɗaya ciwon ke kayarwa a kowace shekara idan aka zuba ido.

Tun 1998 likitocin duniya suka san mafita. A shekarar aka wallafa binciken da Dakta Robert Adams ya jagoranta a Amurka, wanda ya nuna cewa idan aka gano irin waɗannan yara, aka riƙa yi musu ƙarin jini wata-wata, haɗarin na raguwa da kashi 92 cikin 100. Amma a Najeriya, inda ake haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya, an shafe fiye da shekara 10 bayan nan awon bai zama abin da ake yi wa kowane yaro a asibitin gwamnati ba.

Ilimin yana nan a rubuce, har ana koyar da shi a ajin likitoci. Abin da ya rage shi ne amsar wasu tambayoyi da babu mai amsa wa Kano ko Damagaram su daga nesa. Wa zai yi awon, alhali ƙwararrun likitocin hoto ba su da yawa? Ina za a samo jinin da za a yi ta ƙara wa yaro duk wata har shekaru? Uwar da ke ganin ɗanta garau za ta yarda? Neman amsar irin waɗannan tambayoyi fanni ne mai zaman kansa da ake kira binciken aiwatarwa, kuma galibinsa da ɗan kuɗi kaɗan yake farawa. Jami'o'i da dama sun gane haka, sun ware masa ƙananan tallafi da suke rabawa da kansu.

Shekara 17 a kan hanya

A shekarar 2000 wasu masana biyu na Jami'ar Missouri, Andrew Balas da Suzanne Boren, suka bi diddigin lokacin da sakamakon bincike ke ɗauka kafin ya zama aikin yau da kullum a asibiti. Lissafinsu ya ba da shekara 17, kuma ko a hakan kashi 14 cikin 100 ne kacal ke isa ga majiyyata. An yi ta muhawara a kan lissafin, domin wani abin kan yi sauri, wani ya yi nawa, amma babu mai musun cewa tazarar tana nan. A 2003 Elizabeth McGlynn da abokan aikinta na cibiyar RAND suka duba jinyar dubban manya a birane 12 na Amurka, suka tarar kusan kashi 55 cikin 100 ne kawai suka samu na kulawar da ta dace a ba su. A ƙasar da ta fi kowace kashe kuɗi a kan lafiya ke nan.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gwajin da ke tabbatar da ingancin magani a babban asibiti ake yin sa, da zaɓaɓɓun majiyyata, da ma'aikatan da aka ɗauka don wannan aikin kaɗai, ga wuta, ga firji, ga mai buga waya ya tuna wa mutum ranar dawowa. Da zarar maganin ya bar nan sai ya faɗa wata duniyar: asibitin sha-ka-tafi mai ma'aikaci ɗaya ko biyu, dogon layin mata ranar awo, ma'ajiyar magani da kan yi makonni fayau, maigidan da sai ya ba da izini da kuɗin mota, surukar da ke da nata ilimin na jego. Kowanne daga cikinsu ya isa ya tare wa magani hanya, komai ingancinsa.

Masu binciken aiwatarwa a kan waɗannan suke aiki. Tun 1999 Russell Glasgow da abokansa suka tsara tambayoyi 5 da har yau ake auna shiri da su: mutum nawa ya kai gare su cikin masu buƙata, ya yi musu amfani, asibitoci da ma'aikata nawa suka karɓe shi, ana yin sa yadda aka tsara, sannan ya ɗore bayan masu bincike sun tattara nasu sun tafi. Shirin da ya ci tambaya ta biyu ya faɗi a sauran huɗun, a takarda kawai ya yi nasara.

Yadda tallafin yake

Amurka ce ta fi tsara wannan harka. A 2006 hukumar binciken lafiya ta ƙasar, NIH, ta fara ba manyan jami'o'i kuɗi su kafa cibiyoyin da aikinsu shi ne rage tazarar da ke tsakanin ɗakin bincike da majiyyaci. Da 12 aka fara, yanzu sun haura 60. Kowace cibiya kan yanki wani kaso ta raba wa malamanta a matsayin tallafin gwaji, galibi tsakanin dala 25,000 zuwa 50,000 na shekara ɗaya. Wasu, irin su Jami'ar Washington da ke Saint Louis da Jami'ar Wisconsin, sun ware rukuni na musamman don binciken aiwatarwa kaɗai. A ma'aunin binciken lafiya, inda babban gwaji ɗaya ke lashe miliyoyin daloli, wannan kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Darajarsa tana cikin sharuɗɗansa. Na farko, abin da za a kai wa jama'a dole ya kasance an riga an tabbatar da ingancinsa, domin tambayar yanzu ita ce yadda za a yi shi a wani wuri takamaimai. Na biyu, a wurare da yawa ba a karɓar takardar neman sai da abokin aiki daga cikin al'umma: asibitin karkara, makaranta, majami'a ko masallaci, ƙungiyar majiyyata, ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Wani lokaci sunansa na zama kafaɗa da kafaɗa da na farfesan a matsayin jagora, kuma da kasonsa a cikin kasafin. Na uku, mai nema zai faɗi inda aikin zai dosa bayan shekarar ta ƙare: babban tallafi zai nema da sakamakon, ko hukuma ce za ta karɓa ta ci gaba.

A Nashville, Jami'ar Vanderbilt da Kwalejin Likitanci ta Meharry sun ƙirƙiro wani zama da ya yaɗu zuwa jami'o'i da yawa. Kafin mai bincike ya fara, sai a tara masa mutane kaɗan daga cikin waɗanda abin ya shafa, masu fama da ciwon ko masu jinyarsu, ya bayyana musu shirinsa da harshen da kowa zai gane, su kuma su yi masa gyara. Ana biyan su ladan lokacinsu kamar yadda ake biyan kowane ƙwararre, domin a kan rayuwarsu su ne ƙwararrun.

Kuɗin kuwa ba ya sayen manyan injuna. Yana tafiya ne a kuɗin motar waɗanda za a tattauna da su, da ladan mai rubuta hirarrakin, da buga katin tunatarwa, da horar da ma'aikata na kwana biyu ko uku, da albashin mataimaki na 'yan watanni. Abin da ake samu a ƙarshe shi ne hujjar farko: mutane sun karɓa ko sun ƙi, ma'aikata sun iya ko sun kasa, nawa abin yake ci, a ina yake cijewa. Da wannan hujja ake tunkarar babban mai ba da tallafi ko kwamishinan lafiya. Ga matashin malami kuma, sau da yawa wannan ne karo na farko da zai riƙe ragamar bincike da kansa.

Darasi daga shagon aski

Labarin Dakta Ronald Victor ya nuna yadda ƙaramin gwaji ke gyara babba. Hawan jini na kashe baƙaƙen fata maza a Amurka fiye da sauran jama'a, magungunansa kuma sanannu ne masu araha, amma da yawansu ba sa zuwa asibiti. Wurin da ba sa fashin zuwa shi ne shagon aski. Victor ya fara da ƙananan gwaje-gwaje a wasu 'yan shaguna a Dallas, inda aka koya wa masu aski auna jini. Da abin ya karɓu sai aka faɗaɗa zuwa shaguna 17, masu aski na aunawa suna tura wanda jininsa ya hau wurin likita. Sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna ci gaba, amma ɗan kaɗan.

Da aka bi sawu sai aka ga inda gizo ke saƙa: mutanen sun je asibiti, amma sau da yawa ba a ƙara musu ƙarfin magani yadda ya kamata ba. Don haka a gwajin da ya biyo baya a Los Angeles sai aka kawo ƙwararrun masu harhaɗa magunguna cikin shagon, suna rubuta magani bisa yarjejeniya da likitoci, suna bibiya a nan inda mutum ke aski. Shaguna 52, maza 319. Cikin wata 6 lambar sama ta awon jinin waɗanda aka yi wa haka ta sauka da maki 27, ta sauran kuma da kusan 9. An wallafa wannan a 2018. Babu sabon magani ko ɗaya a ciki. Wurin bayarwa da mai bayarwa aka sauya.

Tunanin ba baƙo ba ne a wajenmu. Wanzami na shiga gidan da aka yi haihuwa cikin makon farko, tun kafin wani ma'aikacin lafiya ya ji labari, kuma maganarsa na da nauyi wurin maigida. A jihar Sakkwato an gwada horar da wanzamai su riƙa tura jarirai asibiti a yi musu rigakafin farko. Irin wannan dabara ba ta zuwa daga waje. Wanda ya san ranar suna da askin jariri shi ke iya kawo ta.

Yadda aka yi a Kano

Amsar tambayoyin sikila ma da ƙaramin gwaji ta fara. Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Bayero, cikinsu har da Dakta Najibah Galadanci da Dakta Shehu Abdullahi, suka haɗa kai da Farfesa Michael DeBaun na Vanderbilt. Sun san ƙarin jini duk wata ba zai yiwu wa yawancin iyalai ba: jinin na da wuyar samu, da tsada, ga haɗarin da ke tattare da yawan ƙari. Akwai wani maganin sha da aka daɗe da sani ga masu sikila, haidiroksiyuriya. Tambayar ita ce ko zai iya tsayawa a madadin jini a yanayin Kano.

Ba su fara da ɗaruruwan yara ba. Da ƙaramin tallafi irin wanda NIH ke bayarwa don gwajin farko, suka fara da tambayoyi na ƙasa-ƙasa. Iyaye za su kawo 'ya'yansu awo? Za su amince a ɗora yaro a kan maganin kullum? Tambayar uwa a irin wannan hali sananniya ce: "Likita, yaron nan fa lafiyarsa ƙalau, me ya sa zai riƙa shan magani kullum?" Sai an zauna an yi mata bayani da Hausa, ta koma ta shawarci maigida, sannan a ga ko za su dawo. Yaran da aka ɗora a kan maganin a wannan zagaye ba su kai 30 ba. Amma sun isa su nuna cewa iyaye sun karɓa hannu bibbiyu, suna dawowa a kan lokaci, yara na shan maganin, gudun jinin kuma yana sauka.

Wannan ne ya buɗe ƙofar babban gwaji da yara 220 a Kano da Kaduna, wanda aka wallafa a 2022. An kwatanta ƙaramin awo na maganin da matsakaici, aka ga babu wani bambanci a tsakaninsu wajen kare shanyewar jiki, kuma duka biyun sun sauko da haɗarin ƙasa sosai da abin da aka sani ga yaran da ba a yi wa komai ba. A gefe guda aka horar da likitoci da malaman jinya yin awon, aka kafa tawagogin rigakafin shanyewar jiki a asibitocin jiha, irin su Asibitin Murtala da Asibitin Yara na Hasiya Bayero, gwamnatocin Kano da Kaduna da Katsina kuma suka ɗauki alkawarin samar da maganin kyauta ga yaran da awo ya nuna suna cikin haɗari. Da ba a fara da waɗancan yara 'yan kaɗan ba, babu mai ba da kuɗin babban gwajin, kuma babu hujjar da za a ajiye a gaban gwamnati.

Ƙananan tambayoyi masu ceton rai

Ba sikila kaɗai ba. Tun 1995 aka tabbatar cewa allurar maganiziyam salfet ta fi sauran magunguna wajen tsayar da jijjigar masu ciki, a 2002 kuma gwajin da aka yi da mata sama da 10,000 a ƙasashe 33 ya nuna tana rage aukuwarta da fiye da rabi. Magani ne mai araha. Duk da haka asibitoci da yawa sun ci gaba da amfani da tsohon magani, saboda babu sabon a ma'ajiya, ma'aikata kuma na tsoron kada su zarce awo. A 2008 aka fara wani shiri a asibitocin jiha 10 a Kano da tallafin ƙungiyar Population Council: aka kawo maganin, aka horar da likitoci da ungozomomi, aka sauƙaƙa ƙa'idar bayarwa. Yawan mace-macen masu jijjiga a waɗannan asibitoci ya sauka daga kashi 20.9 zuwa kashi 2.3 cikin 100.

A gundumar Mirriya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun yi wata tambayar: uwa da ba ta yi boko ba za ta iya gano tamowa a jikin ɗanta da kanta? Aka ba iyaye mata ɗan zaren awon dantse mai launi uku. Uwa za ta zagaya shi a tsakiyar dantsen yaro, ta zura bakin a ƙofar, ta ja daidai ba tare da matsewa ba, ta duba launin da ya fito. Kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, a nufi asibiti. Binciken da aka yi a 2013 zuwa 2014 ya nuna awon iyaye bai gaza na ma'aikatan sa-kai ba, yaransu ana kawo su da wuri kafin ciwo ya ci jiki, kuma kuɗin ya fi sauƙi. Yanzu ƙasashe da dama sun ɗauki wannan hanya.

Rashin yin ƙaramar tambaya kuma na iya jawo babbar ɓarna. Kulohekzidin da ake shafa wa cibiyar jariri na kare shi daga kamuwa da cuta, musamman inda ake haihuwa a gida, kuma a Arewa maso Yammacin Najeriya, bisa ƙididdigar lafiya ta 2018, kusan kashi 16 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti. Jihar Sakkwato ta fara raba shi gida-gida a 2013. Amma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi cewa tun daga 2015 an samu fiye da sau 40 a ƙasashe 9 na Afirka da aka ɗiga maganin a ido bisa kuskure, wasu har suka makance. Kwalbar ruwan ta yi kama da ta maganin ido. Da an miƙa ta ga kakanni da ungozomomin gargajiya kaɗan tun farko an tambaye su, "Inna, me kike ganin ake yi da wannan?", da wataƙila an ga haɗarin kafin ya afku. Binciken da zai yi wannan tambaya bai fi ƙarfin kowace jami'a ba.

Inda yake gazawa

Ƙaramin tallafi na da nasa raunin, kuma masu harkar ba sa ɓoye shi. Shekara ɗaya gajeruwa ce. Kafin kwamitin ɗa'a ya amince, kuɗi su fito, a gaisa da hakimi da dagaci, a samu amincewar jama'a, rabinta ya tafi. Mutanen da aka gwada da su kaɗan ne, don haka sakamakon na nuna yiwuwar abu ne kawai, kuma ganganci ne a gina dokar ƙasa a kansa kai tsaye. Gwaje-gwaje da yawa na mutuwa ranar da kuɗin suka ƙare: ma'aikatan da aka horar a yi musu canjin wurin aiki, katunan su ƙare, komai ya koma gidan jiya. Akwai kuma unguwannin da suka gaji da masu zuwa da takardar tambayoyi su tafi ba a sake jin ɗuriyarsu ba, kuma suna da gaskiya. Duk wanda ya karɓi lokacin mutane da sirrinsu, wajibi ne ya dawo ya gaya musu abin da ya gano.

Akwai kuma raunin da ya fi shafar mu. Misalan Kano da Sakkwato da Mirriya duka da kuɗin waje aka yi su. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, USAID, ayyukan lafiya da yawa a Afirka suka tsaya cak. Bayan haka, mai ba da kuɗi shi ke zaɓar tambaya. Abin da ya dame shi za a bincika, ba lallai abin da ya dami mai lura da asibitin ƙauye ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in ba shi da ko sisi a hannu, sai ya jira wanda zai zo daga nesa ya nuna masa.

Abin da ya rage wa jami'o'inmu

Ba daga sifili za mu fara ba. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, na ba jami'o'i da kwalejojin gwamnati kuɗin binciken cikin gida da su da kansu ke tantance masu nema, wanda aka shafe shekaru iyakarsa tana naira miliyan 2 ga kowane aiki. Akwai ƙwararru: cibiyar lafiyar al'umma ta Jami'ar Bayero, ƙarƙashin Farfesa Hadiza Galadanci, ita ta riƙe ɓangaren Najeriya na gwajin da aka yi a asibitoci 80 na ƙasashen Afirka 4, wanda a 2023 ya nuna cewa auna jinin da mai haihuwa ke zubarwa da leda mai ma'auni, tare da ba da magungunan da aka riga aka sani a lokaci guda, na rage mummunan zubar jini da kashi 60 cikin 100. Akwai sassan lafiyar al'umma a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da jami'o'i a Maraɗi da Damagaram. Akwai ɗaliban digiri na biyu da na uku da ke neman abin rubutawa kowace shekara.

Abin da ya yi ƙaranci shi ne alkibla. Bincikenmu da yawa na tsayawa ne a auna sani da ra'ayin mutane: a raba takarda, a ƙirga masu cewa sun san amfanin gidan sauro, a wallafa, a samu ƙarin girma, kundin ya hau kanta. An daɗe da sanin cewa mutane na da labarin gidan sauro. Abin da ke buƙatar gwaji shi ne dabarar da za ta sa a kwana a cikinsa lokacin zafi.

Gyaran bai fi ƙarfin majalisar kowace jami'a ba. A ware wani kaso na kuɗin binciken cikin gida don aikin aiwatarwa zalla. A sa sharaɗin cewa kowace takarda ta zo da sa hannun abokin aiki na gaske, shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ko mai lura da asibiti, ko kwamitin ci gaban mazaɓa, ko ƙungiyar masu ciwon, kuma a ga kasonsa a kasafi. A zaunar da ma'aikatan lafiya da wakilan jama'a cikin masu tantancewa. A saki kuɗin a kan lokaci, domin binciken zazzaɓin damina ba ya jiran rani. A wajabta komawa a faɗi sakamako da harshen mutanen, a ƙofar dagaci ko a gidan rediyo. Sannan kwamitin ƙarin girma ya ba da maki ga malamin da aikinsa ya sauya ƙa'idar asibiti, kamar yadda yake ba wanda ya wallafa a mujallar waje. Gwamnatocin jihohi da attajiranmu da ke gina azuzuwa da ɗakunan kwana a jami'o'i, su ma za su iya ɗaukar nauyin irin wannan tallafi 10 ko 20 a shekara ba tare da sun ji a jikinsu ba.

Tambayoyin na nan jibge suna jira. Me ke hana jaririn da aka yi wa allurar farko dawowa ta uku, kuma wane irin tuni ne zai dawo da shi? Ta yaya mai kemis, wanda shi ne likitan farko na yawancin gidaje, zai riƙa haɗa sinadarin zinki da ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa? Za a iya auna hawan jini a harabar masallaci bayan Juma'a, a kuma riƙe mutum a kan magani har shekara? Wace hanya ce za ta sa yara su cika kwana 3 na maganin rigakafin zazzaɓin damina bayan mai rabawa ya wuce? Maganin kowace daga cikin waɗannan cututtuka an riga an gano shi, wasu ma tun kafin a haifi ɗaliban da ke aji yanzu. Kowace tambaya kuma malami ɗaya da ɗalibai biyu da ma'aikatan asibiti ɗaya za su iya fara ta cikin shekara guda. Jami'ar da jama'a ke ɗaukar nauyinta da harajinsu, jama'a na bin ta bashin waɗannan amsoshi, kuma kasafin shekara mai zuwa ne wurin da ya kamata ta fara biya.